Zumar da Aka Mayar Miki

Zuwa ga mahaifiyata Inna, wadda Allah Ya karɓi abarSa a ƙarshen daminar bana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da ladabi da durƙuso daga ɗanki Habu maɗinki, daga zauren gidanmu na Gumel. Ina roƙon Allah Ya sa gaisuwar nan ta same ki cikin ni'ima da yalwar makwanci. Mu nan gida lafiya lau. An shigar da gero rumbu, wake ne kawai bai yi abin kirki ba, kuma jar akuyarki ta haihu lafiya.

Bayan haka, Inna, na zauna ne in ba ki labarin Kano. Tun da muka dawo nake son in ba ki shi, amma duk lokacin da na buɗe baki sai ki ce, "A bar maganar nan," ki tashi ki kama wani aikin da bai nemi a kama shi ba. To yanzu babu tsintsiyar ɗauka, babu tukunyar dubawa, dole ki saurare ni. Na san ba za ki karanta ba, da ranki ma ba kya karatu. Na rubuta ne don zuciyata ta huta, kuma don jikokinki, waɗanda ke jin ana cewa baffansu Habu ya kai ubansu Kano ya hana shi abinci, su ji daga bakin wanda ya hana ɗin. Abin da ke damuna guda ɗaya ne: ban sani ba ko kin tafi kina fushi da ni.

Yaya Sale ɗanki ne na fari, don haka ban taɓa jin sunansa a bakinki ba. "Mutumin can" kike ce masa. In ya shigo gaishe ki, sai ki kau da kai ki amsa wa bango. Ni kuwa ni ne abin tsokanarki. Allura kike kirana saboda rama, kina cewa in hadari ya taso a ɗaure ni a jikin turmi kada iska ta kai ni Damagaram. Muna yara na ɗauka ni kika fi so. Sai da na yi hankali na lura da akushin Yaya. Duk abin da kunya ta hana ki gaya masa, a akushin nan kike zuba shi: man shanu har ya kwanta a kan miya, tsokar da ta fi kowace, curin fura biyu inda kowa ke samun ɗaya.

Na kuma san inda abin ya samo asali. Ni ba auta ba ne na asali, yunwa ce ta mai da ni auta. A shekarar babbar yunwar nan, lokacin muna zaune a Ɗanzomo, kin binne ƙannena biyu kafin ruwa ya sauka. Yaya ya tafi neman hatsi ya dawo ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Ban ji kin yi rantsuwa ba, amma daga shekarar nan babu wanda ya sake tashi daga tabarmarki da sauran wuri a cikinsa.

Da Allah Ya buɗa wa Yaya, ya zama dillalin shanu a kasuwar Maigatari, sai jiki ya biyo arziki. Babbar riga tana rufa wa mutum asiri, amma ba a wurin maɗinkinsa ba. Kowace Sallah sai na ƙara wa taguwarsa faɗi, na ƙara wa zariyar wandonsa tsawo. Mutane na cewa jiki ya yi kyau, arziki ya zauna. Ke kuma in an faɗa a gabanki sai ki yi kamar ba ki ji ba, ki sunkuya kina gyara itace a murhu, amma ni ina ganin gefen bakinki.

Ƙishirwa ce ta fara. Ya zama ba ya rabuwa da gorar ruwa, yana sha yana zagayawa, yana dawowa yana sha. Sannan idonsa ya soma hazo, mutumin da ke gane shekarun bijimi daga bakin kasuwa ya koma sai ya matso ya shafa. Matarsa Hajara ce ta fara lura kiyashi na taruwa a inda ya yi fitsari. Ta gaya min a ɓoye, muka yi ta mamaki, muka bar shi a kan ikon Allah.

Wata Alhamis ƙaya ta huda takalminsa a Maigatari, ta shige tafin ƙafarsa, ya yini yana yawo a kanta bai ji ba. Sai da ya dawo Hajara ta ga jini a tabarma. Wanzami ya cire ƙayar, amma rauni ya ƙi rufewa. An yi sassaƙe, an yi turare, an yi rubutu. Duk rubutun da aka kawo sai kin zuba masa zuma, wai don ya shiga da daɗi. Kafin a yi girbi rauni ya faɗaɗa, ya soma wari, har yara na gudun ɗakin.

A lokacin ana aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta wajen Gagarawa, aka ce akwai wani mai magani da ke bin leburori. Na kai Yaya wurinsa. Ya wanke raunin, ya ɗauki allura ya tsikari babban yatsan Yaya, ya tambaye shi ko ya ji. Yaya ya ce me zai ji. Mutumin ya kira ni gefe ya ce wannan ya fi ƙarfin akwatinsa, in muna son ƙafar nan mu nufi asibitin Kano tun kafin ta yi baƙi.

Kin san abin da ake faɗa a kan asibiti a garin nan, cewa wanda ya shiga da ƙafa biyu da ɗaya yake fitowa. Na san ba ki so tafiyar ba, amma kunya ba ta bar ki ki nuna ba. Ranar da za mu tashi, an ɗora Yaya a kan takarkari don doki ya gaza masa, kika tsaya daga cikin soro kika kira ni. Ba ki kalli wajensa ba. Kika ce, "Ka dawo da shi yadda ka ɗauke shi." Na ce to, Inna. Da na san abin da nake amsawa da na yi shiru.

Asibitin dogon ɗaki ne, gadajen ƙarfe a jere, ko'ina warin magani. Abin da aka fara yi wa Yaya shi ne aka ɗora shi a kan sikeli, irin wanda ake auna buhun gyaɗa da shi. Ya ji kunya ƙwarai. Ya ce shi da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa shanu kuɗi da ido, yau ga shi ana auna shi gaban jama'a. Da ya hau gadon kuwa, ƙarar da gadon ya yi sai da marasa lafiya suka ɗaga kai.

Likitan Bature ne, dogo, ba ya yawan magana. Mai yi masa tafinta wani malamin asibiti ne mutumin Zazzau, Malam Yusufu, shi ne kuma mai wanke rauni. Da safe Malam Yusufu ya karɓi fitsarin Yaya, ya ɗiga kaɗan a cikin wani shuɗin ruwa a siririyar kwalba, ya kara ta a wuta. Muna kallo ruwan ya juye ya koma ja kamar jar ƙasar gini. Ya ce mana wannan ciwon sukari ne. In ruwan ya tsaya a shuɗinsa, jini ya gyaru. In ya yi ja, zaƙi ya yi yawa a jiki.

Yaya ya yi gardama, kin san shi. Ya ce shi sukari bai dame shi ba, sai in ya sha shayi wurin Larabawa. Aka bayyana masa cewa ba wannan kaɗai ba ne. Gero da dawa da fura da rake da zuma, duk in sun shiga ciki zaƙi suke komawa, jikin mai lafiya ya san yadda zai yi da su, nasa kuwa ya gaji, ƙibar kuma ta ƙara masa nauyi. Muddin jinin na da zaƙi rauni ba zai haɗe ba. Likita ya ce an samo wata allura a ƙasarsu, amma ba ta iso nan ba, don haka maganin Yaya yana cikin akushinsa. In ruwan kwalba ya ƙi sauyawa, za a yanke ƙafar.

Aka yanka masa abinci. Tuwo ɗan mitsitsi wanda bai kai dunƙulen hannuna ba, sai zogale da rama da kuɓewa, ƙwai, nama marar kitse, nono ba fura. Ranar farko ya leƙa kwanon ya tambayi Malam Yusufu ko akwai akuya a ɗakin da aka kawo wa wannan. Na yi dariya, shi bai yi ba.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Amma kin san mutanenmu. Kafin mako ya zagayo duk wani mutumin Gumel da ke zaune a unguwar Fage ya ji cewa Sale dillali na kwance. Ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma wanda ya kawo ba ya tashi sai ya ga mara lafiya ya kai loma baki. Wannan ya zo da fura, wancan da waina, wani da alkaki yana ɗigar zuma. Yaya kuwa ba ya iya kunyata mutum, balle a kan abinci, balle yana jin yunwa. Ruwan kwalba da ya fara sassautawa ya koma ja wur.

Likita bai yi faɗa ba. Ya ɗaga rigar Yaya, ya sa yatsa ya zana layi ƙasa da gwiwa kaɗan, ya dube ni, ya wuce gado na gaba. Ba na bukatar tafinta. A ranar na naɗe tabarmata daga gefen gado na mai da ita bakin ƙofa.

To sai matsalar akusa. In na mayar wa mutum da abincinsa a cike, na zage shi, na zagi gidansa. In na bar shi ya shiga da shi, ƙafar Yaya ta tafi. Dabarar da na samu ita ce in tare mai dubiya a ƙofa, in karɓa da hannu biyu, in yi godiya, in ce likita ya ɗaure bakin Yaya amma ni zan ci a madadinsa. Sai in zauna a gaban mai abinci in ci, ya ga an ci, sannan ya shiga ya gaishe shi hannu wofi. Nakan raba wa sauran masu jinya, amma mai kawowa ni yake kallo, don haka kaso mafi tsoka nawa ne. Inna, abin da kika shekara da shekaru kina nema ba ki samu ba, mutanen Fage suka yi shi a 'yan watanni. Allurarki ta yi kumatu. Da hannuna na ƙara wa zariyar wandona tsawo.

Yaya yana kwance yana jin ƙamshi, yana jin ina suɗe hannu. Ya daina yi min magana sai dole. Wata rana da hantsi, bayan an fita da wani akushin dambu, ya kira ni ya ce a hankali, "Habu, ko a shekarar yunwa ban hana ka rabona ba." Gaskiya ya faɗa. Na tuna shi yana gutsuro min nasa a bayan rumbu yana cewa shi ya ƙoshi. Na fita bayan asibiti, gindin wata tsamiya, na yi kuka sosai, sannan na wanke fuska na koma bakin ƙofata.

A hankali ruwan kwalba ya fara jin magana. Daga ja ya koma rawaya, ya daɗe a nan har na fara fid da rai, sannan wata safiya ya tsaya a kore. Malam Yusufu ya ɗaga kwalbar ya zagaya da ita ɗakin kamar shi ya haifa. Ƙishirwar Yaya ta ragu. Warin ya ɗauke, sabon nama ja ya soma tasowa daga gefen raunin. Duk lokacin da aka ɗora shi a sikeli sai a rage dutsen awo. Aka ba shi sanda aka ce ya riƙa takawa a baranda safe da yamma, ni ina riƙe da hammatarsa, yana tafe yana mita.

Ana cikin haka Kawu Ɗanjuma, ƙaninki, ya iso Kano da ayarin kanwa, ɗauke da saƙonki. Gorar zuma ce daga amyar gonar Kaka da ke garin Sule Tankarkar, da ƙwaryar nakiya da kika ɗaure a cikin zanenki na saƙi. Kawu ya ce kin ce kada ya juyo sai ya gani da idonsa mutumin can ya ci.

Na tare shi a ƙofa kamar kowa. Ya dubi kumatuna. Ya leƙa ya hango Yaya, fatar wuyansa na reto, taguwa ta yi masa yawa. Ya sake duban kumatuna. Na san abin da ya gani, ko ni ne a matsayinsa abin da zan gani ke nan. Na yi masa bayani, Malam Yusufu ya yi masa, har kwalbar aka nuna masa. Kawu ya ce shi dai tun da aka haife shi bai taɓa jin inda abincin uwa ya cuci ɗa ba, kuma ba kwalbar Nasara ce za ta koya masa ba. Na ce to a bar ni in ci a madadinsa. Ya ce ai ya ga alama na saba. Na ce to a yi sadaka da shi da sunanki. Ya ce ba don mutanen Kano kika kwana biyu kina daka ba.

Zan gaya miki gaskiya, na san lasa ɗaya ba za ta yanke ƙafa ba. Amma na san Yaya, na kuma san zumarki, ba a yi mata lasa ɗaya. Kuma in na buɗe wa Kawu ƙofa yau, da wane baki zan rufe wa mutanen Fage gobe? Na tsaya a inda nake, hannuna a jikin ƙyaure, ina kallon ƙasa don kada in haɗa ido da kawuna.

Duk wannan Yaya na ji. Sai da Kawu ya sunkuya zai ɗauki kayan, sannan ya yi magana daga kan gado. Bai nemi zuma ba, bai nemi nakiya ba. Cewa ya yi a bar masa zanen. Kawu ya kwance ya jefa masa, ya ɗauki gora da ƙwarya ya fita ba sallama. Da zanen nan Yaya ya yi matashin kai har muka bar asibiti. Wannan na tabbata Kawu bai gaya miki ba.

Abin da ya gaya miki na ji shi daga baya a bakin mutane: Habu na zaune a bakin ƙofa yana cinye abincin yayansa, ya yi ƙiba, Sale kuwa ya zama ƙashi, har saƙon uwarsu ya mayar. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki, abin da ya sa na kasa ƙaryata shi ke nan.

Da ruwan kwalba ya tsaya a shuɗi ya ƙi motsi, raunin ya haɗe saura tabo, likita ya sallame mu. Ya ce ciwon bai tafi ba, kwanciya ya yi, ranar da aka koma wa tsohon akushi zai farka. Muka iso gida gab da saukar ruwa. A bakin gari Yaya ya ce a sauke shi, da ƙafarsa zai shiga. Ina tafe a bayansa ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi, ina ta shirya yadda zan ba ki labari.

Kika leƙo daga ɗaki. Kika dube shi sau ɗaya, abin da ban taɓa ganin kin yi a gaban mutane ba, sannan kika dube ni. Kika ce, "Haka ka ɗauke shi?" Kika saki labule.

Daga ranar ba ki sake tsokanata ba. Ba ki zage ni ba, ba ki hana ni tuwo ba. In na gaishe ki sai ki amsa cikakkiyar amsa, ki tambayi aiki, ki tambayi iyali, yadda ake amsa wa baƙo. Da zagi kika yi da ya fi min sauƙi. Gorar zumar na rataye a ɗakinki, ba ki buɗe ba, ba ki ba kowa ba, duk wanda ya shiga sai ya gan ta. Ni kuma na koma zaure na tara taguwoyin Yaya ina rage musu faɗi ɗaya bayan ɗaya, masu wucewa na gaishe ni suna kallon cikina.

Sai da na yi ta tunani a kan ɗinkin nan na gane girman abin da na yi miki. Ni a wurina abinci na hana. Ke kuwa ba ki da wata hanyar yi wa ɗanki magana sai ita. Kin aika masa da gaisuwa tun daga Gumel har Kano, ni na tsaya a ƙofa na ce ba za ta shiga ba.

Ba a jima ba akushin Yaya ya koma yadda yake da, har da ƙari, kina son ki mayar da abin da Kano ta cinye. A gidanki ba ni da ƙofar tarewa, shi kuma ba zai mayar miki da akushi ba ko zai mutu. Bayan Sallar Layya gorar ruwa ta dawo hannunsa. Tabon ya yi duhu, ya fara tsattsafo da ruwa. Ina gani, bakina ya yi nauyi, don na san duk abin da na faɗa za a ce mai hana abinci ya dawo.

Hajara ce ta yi abin da na kasa, Allah Ya saka mata. Surukarki da ba ta iya ɗaga ido a gabanki, ita ta kama hannunki da rana tsaka ta kai ki bayan gida ta nuna miki kiyashi. Ta ce kin daɗe a tsaye kina kallo. Washegari akushin Yaya ya fito da kwaɗon zogale da ɗan tuwon da ko likita sai ya ce a ƙara.

Ba ki tambaye ni yadda ake yi ba. Hajara kike aikowa ta tambaye ni, ita kuma ta kai miki, alhali tsakanin zaure da ɗakinki ko murya ba sai an ɗaga ba. Kafin wata ya ƙare kin fi likita tsanani. Bafillatanar da ke kawo mana nono kika ce ta riƙa barin furarta a waje. Kawu Ɗanjuma da kansa ya zo da dabino, kika karɓa kika raba wa yaran maƙwabta yana kallo. Tabon ya bushe, Yaya ya koma Maigatari yana cinikinsa. Na yi zaton yanzu za ki bar ni in ba ki labarin Kano. Na gwada, kika ce a bar maganar nan.

Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne naki kwanon. Abin da kike zuba wa Yaya shi kike ci, daidai da daidai. Hajara ta yi miki magana, kika ce mata abin da ba ya ci ba ya wuce miki maƙogwaro. Ke da ba ki da ciwon, ga tsufa. Kika yi ta raguwa muna kallo. Da zazzaɓin ƙarshen damina ya zo bai sami abin kokawa da shi ba. Wannan yana damuna, Inna, kuma zai daɗe yana damuna.

Ana gobe za ki rasu, bayan la'asar, ina zaune kusa da ke ina kore miki ƙuda. Yaya na daga bakin ƙofa, inda ya saba tsayawa. Kika laluba kika kama wuyan hannuna. Kika ce, "Kai da ka iya hana mutum abinci, kada ka gaji. Ka riƙe min shi." Na tsura wa fuskarki ido in gane ko tsokana ce ko zargi, amma kin riga kin lumshe ido.

Na juya maganar nan a raina har na gaji. Wata rana in ji ta da ɗaci, wata rana in ji ta da irin muryar da kike ce min a ɗaure ni a turmi. Inda na tsaya shi ne amana kika ba ni, kuma ban san ki da ba wa wanda kike ƙi amana ba. In na yi kuskuren fahimta, ki bar ni da kuskurena, da shi nake samun barci.

Akwai abin da ba ki gani ba, ina so ki sani. Yaya ne ya ɗauki gaban makararki tun daga ƙofar gida har maƙabarta. Mutane na matsowa su karɓe shi yana girgiza kai. Da ƙafafunsa biyu ya kai ki, da su ya sauka cikin kabari ya karɓe ki, ya gyara miki kwanciya. A ranar ne kaɗai na ga ya taɓa fuskarki.

Ranar sadakar uku mata suka daka gumba da zuma, ana rabawa a zaure. Wani dattijo da bai san zancen ba ya miƙa wa Yaya curi guda, ya ce ya ci albarkacin mahaifiyarsa. Yaya ya karɓa ya riƙe a tafin hannu, yana kallonta, hawaye na zuba a gemunsa. Shi ne abinci na ƙarshe da zai fito da sunanki, ni na sani, shi ma ya sani. Kawu Ɗanjuma na gefe yana kallona. Na miƙa hannu na karɓe ta. Bai hana ni ba.

Ita ma na hana shi, Inna. Kin ce kada in gaji.

Ki yafe min zumar da aka mayar miki. Da za a sake, a ƙofar nan zan sake tsayawa, amma ki yafe min duk da haka.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya haɗa ki da 'ya'yanki biyu da suka riga ki, a inda babu yunwa. Ya shayar da ke daga ƙoramun Aljanna, Ya ciyar da ke ninkin abin da kika ciyar. Ya bar wa Yaya ƙafarsa da lafiyarsa, Ya ba ni ƙarfin riƙe abin da kika bar min, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalam. Ni ne ɗanki mai kewarki,
Habu.